Malam Aminu Kano: Malami a Fagen Siyasa

An haifi Malam Aminu Kano a shekarar 1920 a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun Alƙalin Kano, don haka tun yana yaro ya ga yadda ake shari'a, ya kuma ga inda masu mulki ke karkatar da ita.

A 1950 ya ajiye koyarwa a Maru ya shiga NEPU. Sarakuna suka zargi 'yan jam'iyyar da bijire wa shugabanni, wasu alƙalai suka ɗaure su. Malam bai nemi a raba siyasa da tsoron Allah ba. Abin da ya ƙi shi ne mai mulki ya mai da addini garkuwar zalunci. Da azumi yakan yi tafsiri, ya nuna cewa adalci farilla ne a kan shugaba.

A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci Jihar Kano, wadda Dutse ke cikinta a lokacin, gwamnatinta kuma ta soke haraji da jangali. Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. Allah Ya jiƙansa, amin.