Sharl Mesiye, Mafaraucin Taurari Masu Wutsiya

Zan ba ku labarin Sharl Mesiye, Bafaranshe, haifaffen 1730. Shi dai taurari masu wutsiya yake farauta. Duk hazo-hazon da ya ruɗe shi a sama sai ya rubuta, don kada ya sake ɓata masa lokaci. Abin da ya ba ni mamaki, da wannan jeri ake tunawa da shi. A 1764 ya rubuta na uku, yana zaton babu tauraro ciki. Ya rasu a 1817.

Ashe cincirindon tsofaffin taurari ne! Cikinsu Alan Sandej ya ga waɗansu shuɗɗa a 1953, kamar matasa. Irin wannan tauraro iskar maƙwabcinsa ya zuƙe, ko kuwa biyu suka yi karo suka haɗe, nauyi ya ƙaru, zafi ya ƙaru.