Ernie Davis: gwarzon ƙwallon jami'o'in Amurka da ya rasu yana ɗan shekara 23

Idan shekarunka 23 a yau, ko kana dab da cika su, ɗan dakata kafin ka wuce zuwa bidiyo na gaba. Iyakar abin da Ernie Davis ya yi a duniya ke nan, shekara 23. A cikinsu ya taimaka wa jami'arsa ta zama zakarar Amurka, ya zama baƙar fata na farko da ya ɗauki kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, ya gaisa da shugaban ƙasa hannu da hannu, aka zaɓe shi na ɗaya cikin sabbin 'yan wasan da za su shiga gasar ƙwararru. Sai dai bai buga ko minti ɗaya a gasar ba.

Kafin mu yi nisa, ƙwallon da ake magana ba irin wadda kake kallo a gidan kallo ranar Asabar ba ce. Ta Amurkawa ce, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a gudu da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Wanda ya tsallake layin ƙarshe na abokan hamayya riƙe da ƙwallo ya ci wa ƙungiyarsa maki shida, kuma da yadi ake auna nisan da ɗan wasa ya keta. A can, wasan jami'o'i ba wasan yara ba ne. Filayen wasu jami'o'in sun fi na manyan ƙungiyoyin Turai ɗaukar mutane, gari kan tashi kacokan ya tafi kallo.

An haifi Ernie ranar 14 ga Disamba, 1939, a New Salem da ke jihar Pennsylvania. Mahaifinsa ya rasu yana jariri, mahaifiyarsa kuma ba ta da halin riƙe shi ita kaɗai, sai ta kai shi wurin iyayenta a Uniontown, yankin masu haƙar kwal. Yaro ne mai in'ina, magana tana yi masa wuya a gaban mutane, ya sha fama kafin bakinsa ya saki. Yana ɗan shekara 12 ya koma wurin mahaifiyarsa a Elmira, wani ƙaramin gari a jihar New York, kuma a makarantar sakandaren garin ne aka gane abin da Allah ya ba shi. Ba ƙwallon Amurka kaɗai ba, har ƙwallon kwando ya iya, inda ƙungiyar makarantarsu ta ci wasa 52 a jere.

Jami'o'i da yawa sun neme shi, amma ya zaɓi Syracuse, kuma akwai dalili. Jim Brown, wanda har gobe wasu ke cewa ba a yi kamarsa ba a wannan wasa, a nan ya yi karatu, shi ne kuma ya je ya lallashi yaron. Brown ya san zafin abin. A 1956 ya yi kakar da kowa ya shaida, amma da aka zo zaɓen kyautar Heisman, wadda a wasan jami'o'i take kamar Ballon d'Or, sai ya zo na biyar. Wanda aka ba, Paul Hornung na Notre Dame, ƙungiyarsa wasa biyu kacal ta ci cikin goma a shekarar. Ka yi lissafin da kanka. Da Ernie ya iso, sai aka miƙa masa rigar Brown mai lamba 44.

A lokacin, doka ba ta bar ɗan aji ɗaya ya buga wa babbar ƙungiyar jami'a ba, don haka sai a 1959, yana aji biyu, yana ɗan shekara 19, ya fara fitowa. Kocinsu Ben Schwartzwalder tsohon sojan lema ne da ya dira a Normandy lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma horon da yake ba yaran ya yi kama da na bariki.

Kakar 1959 ita ce zuciyar wannan labari. Sun buɗe da Kansas, suka ci 35 da 21. Daga nan sai kamar an kwance musu dabaibayi. Maryland 29 da nema, Navy 32 da 6, West Virginia 44 da nema, Pittsburgh 35 da nema. Colgate kuwa tausayi ta ba mutane, 71 da nema. A wasanni goma na kakar sun ci maki 390, aka zura musu 59 kawai, kuma ƙungiyoyi biyar ko maki ɗaya ba su samu ba. Masu tsaron bayansu sun kai inda duk abokan hamayya goma, in ka haɗa gudun da suka yi da ƙwallo a hannu, yadi 193 ne kacal. Ernie shi kaɗai ya keta yadi 686, wato kusan yadi bakwai duk lokacin da aka miƙa masa ƙwallo. 'Yan jarida suka laƙaba masa sunan jirgin ƙasa mai gudu na Elmira.

Sau ɗaya ne cikinsu ya ɗuri ruwa. Ranar 7 ga Nuwamba suka je gidan Penn State, su ma lokacin ba a taɓa doke su ba. Syracuse ta yi gaba da 20 da 6, kowa ya ɗauka an gama, sai wani matashi Roger Kochman ya karɓi bugun sake farawa ya ratsa filin gaba ɗaya, yadi ɗari. Ba a jima ba Penn State ta sake ci, ya zama 20 da 18. Suka nemi ƙarin maki biyu da za su yi kunnen doki, aka tare su. Da maki biyun nan Syracuse ta tsira. A watan Disamba, ƙuri'ar 'yan jarida da ta masu horarwa duk suka ɗora ta a kan gaba a ƙasar. Har yau ita ce kaɗai shekarar da jami'ar ta zama zakarar Amurka a wannan wasa.

Saura wasa ɗaya, na Cotton Bowl, ranar 1 ga Janairu, 1960, da jami'ar Texas a birnin Dallas. Ka tuna wace Amurka ce wannan. A jihohin kudu, baƙar fata ba ya zama inda farar fata ke cin abinci, makarantu daban, wurin shan ruwa daban. Texas ba ta da baƙar fata ko ɗaya a ƙungiyarta, Syracuse kuwa ta zo da uku: Ernie, Art Baker da John Brown. Ga shi Ernie ya ji ciwo a tsokar bayan cinya wajen atisaye, ana ta shakkar ko zai buga.

Ya buga. Ana fara wasa ba da daɗewa ba, kyaftin ɗinsu Gerhard Schwedes ya cilla masa ƙwallo, ya cafke, ya zura da gudu da cinyar nan mai ciwo har gidan Texas, yadi 87 daga inda aka taso. Ya sake ci kafin hutun rabin lokaci. Da yake a zamanin ɗan wasa ɗaya kan yi gaba ya kuma yi tsaron baya, sai ga shi ya ƙwace wata ƙwallo da Texas ta cilla, abin da ya buɗe hanyar cin su na uku. An tashi 23 da 14. Wasan bai tafi lami lafiya ba, don an ba hammata iska dab da hutu, kuma 'yan Syracuse sun ce zagin launin fata da aka riƙa yi wa baƙaƙensu ne ya jawo.

Ernie aka zaɓa gwarzon wasan. Da dare aka shirya liyafa, aka ba shi kyautarsa, sannan aka sanar da shi da abokansa biyu cewa sauran shagalin ba da su ba. Ka duba fa, wanda ya fi kowa a filin da rana, shi ne bai isa ya zauna a zauren da dare ba. Wata guda cif bayan haka, ɗalibai baƙaƙe huɗu a Greensboro suka zauna a teburin cin abincin da aka ware wa farare suka ƙi tashi, abin da ya bazu a kudancin ƙasar kamar wutar daji.

A nan bari in ja kunnen masu yanko bidiyo suna yaɗawa. Akwai fim ɗin The Express na 2008 da aka yi kan rayuwarsa, kuma a ciki an nuna 'yan kallo a West Virginia suna jifansu da zagi a kakar 1959. Wasan shekarar a gidan Syracuse aka buga shi, ba a West Virginia ba. Abin da ya faru da gaske ya isa, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Shekaru biyu na gaba ƙungiyar ba ta kai ta 1959 ba, amma shi ya ci gaba da haskawa har ya karya tarihin Jim Brown na jami'ar da yadi 2,386. A ƙarshen 1961 aka ba shi Heisman, bayan ya sha gaban Bob Ferguson na Ohio State da ɗan ƙaramin rata. Tun 1935 ake ba da kyautar, sai a ranar ta shiga hannun baƙar fata. Shugaba John F. Kennedy, da ke New York a lokacin bikin, ya nemi a kawo masa shi suka gaisa.

Sai zaɓen gasar ƙwararru ta NFL. A tsarinsu, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓe, kuma a shekarar ƙungiyar Washington ce. Mai ita, George Preston Marshall, shi kaɗai ya rage a gasar da ya ƙi ɗaukar baƙar fata, har sai da gwamnatin Kennedy ta yi masa barazanar hana shi sabon filin wasan birnin. Dole ta sa ya zaɓi Ernie, sannan ya yi musayarsa da Cleveland Browns, ya karɓi Bobby Mitchell da Leroy Jackson. Ka san wa ke Cleveland? Jim Brown. Masu kallo suka fara lissafin yadda za a tare mutanen nan biyu a ƙungiya ɗaya.

Ba a taɓa gani ba. A watan Yuli na 1962, bayan ya kammala digirinsa a fannin tattalin arziki, yana sansanin atisayen wani wasan zaratan jami'o'i, ya wayi gari da kumburi a wuya. Da farko an zaci hangum ne. Gwaji ya nuna sankarar jini ce, mai saurin ci, a zamanin da magani bai kai na yanzu ba. Likitoci suka ɓoye masa, aka ce wa jama'a wata matsalar jini ce kawai, shi kansa sai a watan Oktoba aka faɗa masa gaskiya. A tsakanin nan ne, wani dare a watan Agusta, aka kira sunansa a filin Cleveland, ya fito ana haska shi da fitila, dubban mutane suka miƙe suna tafi. Iyakar shigarsa filin ke nan.

Ciwon ya lafa na wani lokaci, har ya koma atisaye, yana buga ƙwallon kwando da abokan wasansa. Mai ƙungiyar, Art Modell, ya so a saka shi ko sau ɗaya ne ya cika burinsa. Koci Paul Brown ya ƙi, yana ganin ba daidai ba ne a tura mai irin wannan ciwo cikin masu karo. A ganina kocin ya fi gaskiya, ko da yake ba wanda zai ji labarin bai so a ce an bar shi ya taɓa ƙwallon sau ɗaya ba. Ernie dai bai fito ya yi ƙorafi ba. A watan Maris na 1963 ya yi rubutu a mujallar Saturday Evening Post, inda ya nuna ba ya ɗaukar kansa marar sa'a, ganin abin da ya samu a 'yan shekarunsa. Modell ya sha ba da labarin yadda ya shigo ofishinsa kwana biyu kafin rasuwarsa, yana ba da haƙuri kan kuɗin asibitin da ƙungiyar ke kashewa a kansa.

Ya rasu ranar 18 ga Mayu, 1963, a wani asibiti a Cleveland. Mutane kusan dubu goma suka bi layi a Elmira don yi masa ban kwana, Kennedy ya aiko da saƙon ta'aziyya. An binne shi a maƙabartar Woodlawn ta garin, inda marubuci Mark Twain yake kwance. Dokar da ta haramta irin wariyar da aka yi masa a Dallas sai a 1964 aka sa mata hannu, shekara guda bayan ya tafi. Cleveland ta jingine riga mai lamba 45 da ta ware masa, ba wanda ya sake saka ta, duk da shi ma bai taɓa buga wasa da ita ba.

Watanni kaɗan kafin rasuwarsa, Ernie ya je New Haven ya ga wani matashi mai suna Floyd Little, kamar yadda Jim Brown ya je ya gan shi. Little ya fi karkata ga makarantar sojoji ta West Point, amma ya ba Ernie baki cewa zai zo Syracuse. Ranar da ya ji labarin mutuwar, ya ɗauki waya ya shaida wa jami'ar yana nan tafe. Da ya iso, lamba 44 aka ba shi.