Ken Saro-Wiwa: Marubucin da ya dage sai an ji ta bakin mutanen Ogoni

A shekarar 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken da ta yi a ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas. A Nisisioken Ogale, masu binciken sun tarar jama'a na shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke jawo cutar kansa, har ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Suka ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Mutumin da ya fi kowa ɗaga murya kan wannan masifa bai ga rahoton ba, domin a lokacin an yi kusan shekara 16 da rataye shi.

An haifi Kenule Saro-Wiwa a garin Bori ranar 10 ga Oktoban 1941. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, sannan ya karanci Turanci a Jami'ar Ibadan. Lokacin yaƙin basasa ya goyi bayan gwamnatin tarayya, aka ba shi riƙon garin Bonny, daga baya ya zama kwamishina a Ribas. 'Yan Najeriya da dama ta talabijin suka san shi, saboda wasan barkwancinsa mai suna Basi and Company.

To amma a gida babu abin dariya. Tun 1958 ake haƙo mai a ƙasar Ogoni. Bututu sun ratsa gonaki, ɗanyen mai na malala cikin rafukan da ake kamun kifi, wutar iskar gas na ci dare da rana kusa da gidaje. Kamfanin Shell da gwamnati ke yanke shawara, su kuwa masu shan ruwan da shaƙar hayaƙin babu mai tuntuɓarsu.

Wannan ne ya fi ci masa tuwo a ƙwarya. A 1990 shi da wasu dattawa suka kafa ƙungiyar MOSOP, suka miƙa wa gwamnatin Janar Babangida takardar buƙatun Ogoni. Ba ɓallewa suka nema ba. Sun nemi a ba su iko kan harkokinsu, da kaso mai ma'ana daga arzikin ƙasarsu, da 'yancin kare muhallinsu. Abin lura, a 1992 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi a auna illar manyan ayyuka ga muhalli, a kuma bai wa jama'a damar faɗin ra'ayinsu. Sai dai a Ogoni an riga an yi shekara fiye da 30 ana haƙar mai ba tare da jin ra'ayin kowa ba.

Ranar 4 ga Janairun 1993, mutum kusan 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, wato fiye da rabin al'ummar Ogoni a lokacin. Manoma ne da masunta da matan kasuwa. A shekarar Shell ya dakatar da haƙar mai a yankin.

Daga nan tafiyar ta fara tsagewa. Wasu dattawa na ganin a sasanta da gwamnati, matasa kuma sun ƙi, har aka samu saɓani mai zafi kan ƙaurace wa zaɓen 12 ga Yuni. Ranar 21 ga Mayun 1994 wasu gungun mutane suka kashe manyan Ogoni huɗu a Giokoo. Saro-Wiwa ba ya wurin, amma aka kama shi bisa zargin tunzura jama'a, zargin da ya musanta.

Gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta, kotun da babu ɗaukaka ƙara a kanta. Lauyoyinsa, ciki har da Gani Fawehinmi, suka janye don nuna rashin yarda da yadda ake shari'ar. Daga baya wasu shaidu suka ce cin hanci aka ba su. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 aka rataye shi tare da mutum takwas a gidan yarin Fatakwal, yana da shekara 54. Nan take ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta dakatar da Najeriya.

A 2009 Shell ya biya dala miliyan 15.5 don kashe ƙarar da iyalan suka shigar a Amurka, ba tare da amsa laifi ba. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da yi wa mutum taran afuwa tare da ba su lambar yabo ta ƙasa. Masu fafutuka da wasu daga cikin dangi suka ce mai laifi ake yi wa afuwa, abin da suke so shi ne a wanke sunansu.