Nasabar Sayyidina Ibrahimu, Ɗan Manzon Allah

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ku sani Sayyidina Ibrahimu shi ne autan 'ya'yan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An haife shi a Madina cikin Zulhajji, shekara ta 8 bayan Hijira.

Ta wajen uba, shi ɗan Muhammadu ne, ɗan Abdullahi, ɗan Abdulmuɗɗalibi, ɗan Hashimu, ɗan Abdumanafi, ɗan Ƙusayyu. Daga nan salsala ta bi ta kan Fihiru da Kinanata har Adnanu, wanda yake daga zuriyar Annabi Isma'ilu ɗan Annabi Ibrahimu. Sunan wannan kakan aka raɗa masa.

Ta wajen uwa kuwa, mahaifiyarsa Mariyatu 'yar Sham'unu ce, Baƙibɗiya daga ƙauyen Hafnu na ƙasar Masar. Muƙauƙisu, mai mulkin Iskandariya, shi ya aiko ta tare da 'yar'uwarta Sirinu a shekara ta 7. To, Hajara uwar Isma'ilu ita ma Bamasariya ce. Ashe Masar ta shiga nasabar yaron nan sau biyu, sama da ƙasa. Don haka malamai suka fassara wasiyyar Annabi ta kyautata wa mutanen Masar da zumunci da surukuta.

Ummu Saifi, matar wani maƙeri a bayan Madina, ita ta shayar da shi. Annabi kan taka har gidan, ya shiga cikin hayaƙin maƙera, ya ɗauke shi ya sumbace shi.

A shekara ta 10, daidai da 632 Miladiyya, ya rasu bai cika shekara biyu ba. Idanun Annabi suka zubar da hawaye, amma harshensa bai furta sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi ba. Ran nan aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Annabi ya hana su, ya sanar da su rana da wata ayoyin Allah ne, ba su husufi don mutuwar kowa. Aka binne shi a Baƙi'a. Zuriyar Annabi kuwa ta wanzu ta wajen Nana Faɗimatu.

Duk wanda ya binne jinjiri, a Kangire ko Gwaram, ya tuna Fiyayyen halitta ya riga shi ɗanɗana wannan. Allah Ya ba mu haƙuri, amin.