Sarkin Abuja Sulaimanu Barau

An haifi Sulaimanu Barau a shekarar 1903, a gidan sarautar Abuja. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohon garin da ke kusa da Dutsen Zuma, wanda yanzu ake kira Suleja. Kakanninsa sarakunan Zazzau ne na Haɓe. Da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, sai Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa. Bayan rasuwarsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka sa wa garin sunansa. Saboda haka sunan Abuja gadon gidansu ne.

Sulaimanu ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye manyan Arewa da yawa. Da ya gama, ya koyar a Keffi da Bida, sa'an nan ya komo gida ya shiga aikin hukuma. A shekarar 1944 aka naɗa shi sarki bayan Musa Angulu, ya zama na shida a jerin sarakunan Abuja. Yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka yi ilmin boko mai zurfi.

Sarki ne mai son sana'a da tarihi. Ya tara tukwanen Ladi Kwali a fadarsa tun kafin duniya ta san ta. A zamaninsa ne kuma Baturen nan Maikel Kadiyu ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin.

Babbar jarrabawarsa ta zo ne yana dattijo. Bayan yaƙin basasa, Legas ta cika maƙil, ga shi kuma tana can gefe guda a bakin teku. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, kwamitin ya ba da shawarar a gina sabon birni a tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, aka kafa dokar Yankin Babban Birnin Tarayya. Mafi yawan filin da aka zaɓa na masarautar Abuja ne.

A nan abubuwa biyu suka yi karo. Sarki amana ya karɓa: ƙasar da kakanni suka bari, da talakawan da ke cikinta, Gwari da Koro da sauransu, waɗanda za su fita daga hannunsa, wasu ma su bar gonakinsu. Amma kuma Nijeriya, wadda ba ta daɗe da fita daga yaƙi ba, tana bukatar birnin da kowa zai ce nasa ne. Sulaimanu Barau ya fifita bukatar ƙasa. Masarautar ta rabu da ƙasarta mai yawa, ta kuma bar wa sabon birni sunanta. Tsohon garin ya zauna a Jihar Neja, aka sa masa Suleja daga sunan sarkin.

Allah ya yi masa rasuwa a 1979, bayan shekara 35 a kan gadon sarauta. Bai ga birnin da idonsa ba, domin sai ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta tare a Abuja. Har yau batun diyya da sake matsuguni yana damun mutanen asalin yankin, abin da ke nuna nauyin shawarar da sarkin ya yanke.