Ignaz Semmelweis, likitan da gaskiya ta ja wa baƙin jini

An haifi Ignaz Semmelweis a birnin Buda na ƙasar Hungary a 1818. A 1846 ya kama aiki a sashen haihuwa na babban asibitin Biyana, inda ya tarar da abin da ya hana shi barci. A ɗakin da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, zazzaɓin jego yana kashe kimanin mace ɗaya cikin goma, alhali a ɗakin ungozoma adadin bai kai rabin haka ba.

Mutuwar abokinsa Jakob Kolletschka a 1847, bayan wuƙar fiɗar gawa ta yanke shi, ita ta buɗe masa ido. Ya gane cewa likitoci kan fito daga ɗakin gawa su taɓa masu naƙuda da ragowar dauɗa a hannu. Ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin, sai mace-macen da suka haura kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu suka sauko ƙasa da kashi 2 a Yuli.

Manyan likitoci ba su so a ce hannunsu ne ajalin matan ba. Shugabansa ya ƙi sabunta masa aiki a 1849, littafin da ya wallafa a 1861 kuma ya sha suka. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali, yana da shekara 47.

Abin da aka ƙi ji daga bakinsa, yau shi ake koya wa ɗaliban makarantar kiwon lafiya ta Kankiya. Sai dai darasin ba ya ceton mai jego a Kankiya ko Kusada sai hukuma ta wadata ɗakunan haihuwa da ruwa da sabulu.