Yutaka Katayama: Mutumin da har gobe ake auna motar Z da ma'auninsa

Duk lokacin da kamfanin Nissan na ƙasar Japan ya yi shelar dawo da motarsa ta gudu mai suna Z, tambayoyin masoyanta ba sa canzawa. Sukan so su ji nauyinta, su ji ko za ta zo da giyar hannu, sannan uwa-uba su ji ko ma'aikaci mai cin albashi zai iya sayenta. Waɗannan tambayoyi gado ne daga Yutaka Katayama, wanda Amurkawa suka laƙaba wa Mista K, mutumin da kamfaninsa ya tura ƙetare don a huta da shi, ya kuma samo wa kamfanin babbar kasuwarsa a can.

An haife shi ranar 15 ga Satumba, 1909, a lardin Shizuoka, da sunan Yutaka Asoh. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai wadata da aiki ya riƙa kai wa wurare, har tsibirin Taiwan, inda zazzaɓin cizon sauro ya kama yaron, aka mayar da shi wurin kakansa a lardin Saitama. Sunan Katayama na dangin matarsa Masako ne, ya ɗauke shi bayan aurensu a 1937, kamar yadda al'adar Japan ta yarda. A 1929, yana ɗalibi, ya yi aiki a wani jirgin ruwan dakon siliki da ya kai shi gaɓar yammacin Amurka, ya ga ƙasar da mota ta zama kayan amfanin kowa. Ya kammala Jami'ar Keio a 1935, ya kama aiki da Nissan a sashen talla.

Katayama bai karanci aikin injiniya ba. Ɗan talla ne mai son tuƙi, a zamanin da manyan kamfanin ke kallon mota a matsayin abin ɗaukar kaya kawai. Bayan yaƙin duniya na biyu ya shiga sahun waɗanda suka kafa ƙungiyar masu motocin gudu ta Japan a 1951, kuma yana cikin jagororin baje kolin motoci na farko da aka yi a Tokyo a 1954. A 1958 ya shawo kan kamfanin ya sa ƙananan motoci biyu ƙirar Datsun 210 a wani tseren da ke zagaye nahiyar Ostareliya, tafiyar kusan kilomita 16,000 a cikin kwana 19. Duka biyun suka kai ƙarshe, ɗaya kuma ta zo ta farko a ajinta.

Nasarar ba ta ƙara masa farin jini a hedikwata ba. Tun bayan dogon yajin aikin 1953, iko a Nissan ya koma hannun shugabanni da sabuwar ƙungiyar ma'aikata da suke ɗasawa da ita, shi kuwa Katayama ba ɗan wannan tsagi ba ne. A 1960 aka tura shi Los Angeles da sunan nazarin kasuwa. Duk ma'aikacin da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki zuwa lungu don a rage masa fuka-fuki ya san ma'anar irin wannan takarda.

Abin da ya tarar bai da daɗi. Motocin Datsun na lokacin an yi su ne don ƙananan titunan Japan, ba su da ƙarfin jure gudun manyan hanyoyin Kaliforniya, manyan dillalai kuma ba su ko kalle su ba. Sai ya bi masu sayar da motocin hannu da masu ƙananan garejoji ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon su ajiye ko da mota guda a gaban shago. Ya tsaya kai da fata a kan cewa kayan gyara su riga mota isa gari, domin ya san wanda motarsa ta kwana wata guda a wurin bakanike ba zai sake sayen irinta ba. Ƙananan a-kori-kura ne suka fara riƙe kasuwar. A 1965 ya zama shugaban reshen kamfanin na Amurka, ya kuma ci gaba da damun Tokyo da wasiƙu yana neman mota mai ƙarfi da faɗin da zai ɗauki dogon Ba'amurke. Amsar farko ita ce Datsun 510 ta 1968, mai injin lita 1.6, wadda aka riƙa kira BMW ɗin talaka.

Ta biyu ta zo a watan Oktoban 1969. Mai zane Yoshihiko Matsuo da tawagarsa ne suka fitar da siffarta: dogon bonet, kujeru biyu, rufaffen sama, da ƙofar baya mai ɗagawa. Katayama shi ne ya tsaya mata a gaban manya, ya kuma yi alƙawarin kasuwa. A Japan sunanta Fairlady Z, sunan da shugaban kamfanin, Katsuji Kawamata, ya samo daga wani wasan kwaikwayo na waƙa da ya kalla a Amurka. Katayama ya ga cewa matashin Ba'amurke ba zai sayi motar gudu mai sunan kyakkyawar mace ba, aka sayar da ita a can da sunan 240Z. Har yau ana ba da labarin wai da hannunsa ya riƙa ɓamɓare tambarin farko daga jikin motocin.

Injinta mai silinda shida ne a jere, lita 2.4, ƙarfin doki 151, nauyinta kuma bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba. Farashin ne ya girgiza kasuwa: dala 3,526, kusa da kuɗin ƙananan motocin gudu na Ingila da ba su kai ta ƙarfi ba, kuma nesa ƙwarai da kuɗin Jaguar ko Porsche. Masu saye suka riƙa jiran layi na watanni. Wanda ke shakkar ƙarkonta ya sami amsa a tseren Safari na Gabashin Afirka, inda ta yi nasara a 1971 da kuma 1973 a kan hanyoyin ƙura da taɓo. Kafin a sauya ƙirar farko a 1978 an sayar da fiye da rabin miliyan. A 1975 Datsun ta zama kan gaba cikin motocin da ake shigo da su Amurka, a daidai shekarun da sunan ya cika tashoshin tasi a Nijeriya ma.

Sakayyar da ya samu ita ce ritaya a 1977. Ya koma Japan ba tare da kujera a majalisar daraktoci ba, kuma a 1981 kamfanin ya sanar da cewa zai kashe sunan Datsun, abin da ya yi masa zafi ƙwarai. Ita ma motar ta kama wata hanya. Daga 280ZX zuwa 300ZX tana ƙara ƙiba da kayan alatu, kuɗin Japan na yen yana ƙara daraja, har farashinta ya kai ga mai albashi ya haƙura. A 1996 aka daina sayar da ita a Amurka, a 2000 aka daina ƙera ta.

A wannan tsakanin ne masoya suka riƙe sunan. Ƙungiyoyin masu Z suka riƙa gayyato tsohon zuwa tarukansu, yana sa musu hannu a jikin motoci, yana kuma kira a fili da a dawo da ita. Kamfanin da ya manta da shi ya sa wani ɗan wasa ya fito a matsayinsa cikin tallan talabijin, ya kuma sayi wasu tsofaffin 240Z ya gyara ya sake sayarwa. A 1998 aka sanya sunansa a zauren karrama gwarazan masana'antar mota da ke jihar Michigan. Samfurin da aka nuna a Detroit a 1999 bai gamsar ba, musamman da yake injinsa silinda huɗu ne. A shekarar ce Renault ta shigo ta ceto Nissan daga bashi, sabon jagora Carlos Ghosn kuma ya amince da aikin. A 2002 aka fitar da 350Z mai injin lita 3.5 da ƙarfin doki 287, a kan farashin da ya fara ƙasa da dala 30,000.

Mutane da yawa sun ɗauka tsohon zai yi tafi ya yi shiru. A 2009, yana gab da cika shekara 100, ya shaida wa 'yan jarida cewa 370Z da ta biyo baya ta yi nauyi kuma ta yi tsada, ya kuma nuna cewa ƙaramar Mazda Miata, motar abokan hamayya, ta fi kusa da abin da 240Z ta zo yi. Maganar tana da hujja, domin sabuwar ta ɗara ta asali da fiye da kilo 400. Sai dai injiniyoyin ma suna da tasu: dokokin kare fasinja da na hayaƙi na yanzu ba za su bari a sake ƙera motar 1969 ba, ko da an so.

Katayama ya rasu a wani asibiti a Tokyo ranar 19 ga Fabrairu, 2015, yana da shekara 105. Bai ga samfurin Z Proto da aka nuna a Satumbar 2020 ba, mai launin rawaya irin na 240Z da shi kansa ya riƙa tuƙawa a Los Angeles. Motar da ta fito daga samfurin ta shiga kasuwa a 2022 da ƙarfin doki 400, da giyar hannu mai hawa shida ga mai so, da fitilun gaba masu tuna na 1969, a kan kusan dala 40,000. A shekarar ce kuma Nissan ta sake rufe sunan Datsun, wanda ta farfaɗo da shi a 2013 don ƙananan motoci masu araha a Indiya da Indunusiya da Rasha da Afirka ta Kudu.